Rabon Saja

Kawunan kifi Nibaldo ya kawo mini ran nan. Ko ƙwanƙwasa ƙofa bai yi ba, ya turo ta da ƙafa, ya kife kwandon roba a kan teburin da nake goga dankali. Kawunan kifin merluza ne zalla, wasu har da ƙugiya a baki, an yage gangar jikin tun daga wuya.

"Donya Eduvina, ga kamuna na yau," in ji shi. "Ki yi wa mijinki romo, ai shi ya gayyato baƙin."

Nibaldo maƙwabcinmu ne, a gabana aka yi masa baftisma, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ran nan kuwa sai da ya ɗaga. Ban tambaye shi waɗanne baƙi ba. Duk wanda ya zauna a Punta Lile ya san aikin zakin teku, ƙatuwar dabbar ruwan nan, in ya gani: ya bi igiyar ƙugiyoyi yana zare kifi ɗaya bayan ɗaya, ya cinye tsoka da ciki, ya bar maka kai ka kai wa iyali. Kuma kowa ya san guda ɗaya ne ke jagorantar sauran zuwa inda jiragenmu suke, wato Saja. Saja kuwa na mijina ne, Rosamel.

Tun gashin Rosamel bai yi fari ba ya tsinci ɗan zakin a kan duwatsu, igiyar koma ta shaƙe masa wuya har ta ci nama. Ya rufe masa kai da rigar ruwa, ya yanke igiyar, ya samu cizo a hannu ladan aikinsa. Tabon bai taɓa barin wuyan dabbar ba. Da ya tsaya a nan da ba a ji kanmu ba. Amma ina! In ya gama fiɗar kifi a teku sai ya yi fito da baki, ya watsa kayan ciki, ɗan banzan ya taso ya cafe. A lokacin kowa a ruwa yake zubar da hanji, ba wanda ya ga laifi. Sai dai sauran zubarwa suke yi, nawa mijin ciyarwa yake yi, har da hira. Da gashin bakin dabbar ya yi tsawo, aka ce ya yi kama da na wani sajan 'yan sanda da ya taɓa zama a garin, sunan ya bi shi.

Shi kansa fiton nan, ni da shi mun daɗe muna yaƙi. 'Yar waƙa ce guda ɗaya, gajeriya, ba kai ba gindi. A wajen faskare ita, a bakin murhu ita, har a harabar coci na taɓa zungurarsa a kanta.

"Tsoho, bakin nan naka ba ya gajiya?"

"Tsohuwa, naki ma ai ban taɓa ganin ya tafi hutu ba."

To Saja ya girma ya kai bijimi, kuma ya haddace injin jirginmu. Tsohon inji ne, sai ya yi tari sau biyu kafin ya kama. Da ya ji tarin nan daga kan duwatsu sai ya faɗo ruwa, matansa da 'ya'yansa da 'yan cin arziki su biyo baya. Ga kifi ya yi ƙaranci, hukuma ta ƙayyade fita, 'yan kwanaki kawai a wata. In zakuna suka cinye maka wuni guda, ba inda za ka kai ƙara. Kashe su kuwa doka ta hana, wanda ya gwada sai ya kwana a hannu. Shi ne ƙungiyar masunta ta zauna ta yi tata dokar: ba hanji, ba kai, ba ruɓaɓɓen kifi da za a ƙara jefawa a teku. Kowane jirgi ya ɗauki shuɗin duro, a zuba komai a ciki, a kawo tudu, mota ta kwashe zuwa inda ake yin taki. In suka daina haɗa ƙarar inji da abinci, za su koma farautarsu.

Rosamel ya ɗaga hannu tare da kowa. Ya sayi duro, har ya rubuta sunan jirgi a jikinsa da fenti. Ashe hanji yake zubawa a duron, hanta kuwa yana zurara ta ta bayan jirgi in ya ga ido ya kau. Ran nan idon Nibaldo bai kau ba.

Da Rosamel ya shigo gida da yamma ban kwashe kawunan ba. Na bar masa su a kan teburi, na ajiye masa cokali a gefe.

"Hanta ce fa kawai," ya ce, yana kallon ƙasa. "'Yar hanta. Me ta kai?"

"Ta kai abincin gidan Nibaldo na wata guda. Kai ko kunya ba ka ji? Da furfurarka kana satar hanya kamar yaro?"

"Ya saba, Vina. In ya zo ya dube ni, yaya zan yi?"

"Sabo turken wawa. Shi dai dabba ne, an yafe masa. Sai ka gaya mini wane ne wawan."

Washegari aka yi taro a rumfar gyaran koma. Shugaban ƙungiya ƙanina ne, Floridor, wanda tun ranar aurenmu shi da Rosamel ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ran nan bai yi dariya ba. Wasu suka ce a kori Rosamel kawai. Wani ya ce ya sayar da injin.

"Wa zai saya?" in ji Nibaldo. "Daga nan har garin Calbuco wa bai san inji mai zuwa da surukai ba?"

Aka ɗan yi dariya, ta mutu da wuri. Floridor ya buga tebur.

"Suruki, ga abin da muka yanke. Gobe watan Agusta zai kama, ba mai taɓa merluza sai ya ƙare, kifi na ƙwai. To watan naka ne. Duk ranar da teku ta yarda, ka tayar da injinka ka fita, ba igiya, ba kifi, ba komai. Saja ya biyo ka ya ga babu, ya sake biyowa ya ga babu, har ya haƙura. Kafin a buɗe kamu ni da kaina zan shiga jirginka. In Saja ya taso, mun soke sunanka, kasonka na kamun kifi a raba wa sauran jirage. In bai taso ba, ka koma cikinmu."

Kason nan shi ne mu. Shi ne itacen murhu, shi ne maganin hawan jinin Rosamel, shi ne ƙugiyoyin da nake zama ina ɗana wa sadin har yatsuna su daskare. Mutumin da aka soke a ƙungiya a shekarunsa ba shi da wata sana'a sai zaman bakin taga.

"Wa zai bi shi ya ga bai ba shi komai ba?" wani ya tambaya daga baya. Wa zai bar ɗumin gidansa a Agusta, tsakiyar hunturu a wajenmu, ya je gadin tsoho da dabbarsa?

"Ni," na ce.

Floridor ya dube ni. "Yaya Vina, matarsa ce fa ke."

"Shi ya sa. Akwai wanda ya fi ni sanin aljihunansa?"

Ba wanda ya yi musu. Duk garin an san ban taɓa ƙaunar dabbar nan ba.

Haka muka fara. Da safe in ruwan sama ya ɗan tsagaita, in cika flas da ruwan zafi na mate, shayin ganyen da muke sha, in naɗe wainar dankali a tsumma, mu gangara. Kafin ya taka jirgi sai na laluba shi tas, aljihu, hula, cikin takalmin roba. Matasa na kan gadar da jirage ke tsayawa suna ihu: "Baba Rosamel, an wuce kwastan?" Shi kuwa ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda aka kama, yana murmushin yaƙe.

Inji ya yi tarinsa biyu. Ba mu wuce bakin tsibiri ba sai ga kai ya ɓullo, baƙi, sumul, da gashin baki da tabon wuya. Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Ido ɗaya ya yi fari, haƙoran sun cinye sun yi ja. Ya jera da jirgi ta gefen da Rosamel ke zama, yana huci, yana wani gurnani kamar mai gaisuwa. A bayansa garken ne, sai tsalle suke yi.

"Kar ka kula shi," na ce.

"Ko sannu?"

"Ko kallo."

Muka yi ta zagaye har rana ta yi tsaka, muka dawo. Garken su ne suka fara gajiya. Ba a yi mako biyu ba suka watse, ɗaya bayan ɗaya, don su ba zumunci ya kawo su ba. Saja kaɗai ya rage. Kullum yana nan, gefe ɗaya, wuri ɗaya. Ya rame kuwa, fatar wuyansa ta fara lanƙwashewa.

"Ba ya iya farauta," Rosamel ya ce wata rana, murya ƙasa-ƙasa. "Dubi haƙoransa. Ni na lalata shi, Vina. Tun yana ƙarami bai san wahalar neman abinci ba."

"To ka lalata shi, yanzu kuma sai ka haɗa da mu?"

Ya mai da hankalinsa kan inji. Amma maganar ta tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Na tsani dabbar, na kuma ji tausayinta, abin ya ƙara ba ni haushi.

Ana cikin mako na uku na kama shi. Na laluba shi a gada ban samu komai ba, sai da muka yi nisa na ga yana ta gyara zama a kan akwatin batir. Na ce ya tashi. Ya ce ƙafarsa ta yi tsami. Na ce ko ta karye sai ya tashi. Sadin ne guda huɗu a leda, cikin waɗanda nake sa wa gishiri don ƙugiya. Tun daren jiya ya lallaɓa ya ɓoye su.

Wallahi sai da na ji kamar in tura shi ruwa ya je su zauna tare.

"Rosamel Barría! Ni nake tashi da asuba, ƙashina na ciwo, ina bin ka cikin sanyin nan don a bar maka sana'arka, kai kuma kana sace mini sadin? In ka jefa ko ɗaya, yau ɗin nan zan je in gaya wa Floridor da bakina. Ka san zan iya."

"Na sani."

"To zaɓi. Ko shi ya ci, ko mu."

Na ɗaga ledar zan jefa a duro. Kuskuren da na yi ke nan, don Saja ya ga walƙiyar kifin. Kafin in ankara ya yunƙuro ya ɗora ƙirjinsa a kan gefen jirgi. Jirgin ya karkata, ruwa ya kwararo ciki, flas da tsumma da ni kaina duk muka gangara wajensa. Ga bakinsa dab da fuskata, wari kamar an buɗe tsohon duro. Ba cizo ya zo yi ba, roƙo yake, amma nauyinsa ya isa ya kifar da mu, kuma ruwan Agusta ba ya ba mutum lokacin yin addu'a.

"Sauka!" Rosamel ya daka masa tsawa. "Saja, sauka!"

Ina! Jin muryarsa ma sai ya ƙara hawowa. Na ga ruwa ya kai mini gwiwa. Na ƙwalla ihu, ban san me na ce ba.

Rosamel ya zaro filafili. Ya tokare shi a ƙirji ya tura, bai motsa ba. Sai ya ɗaga ya sauke masa a hanci. Sau ɗaya. Dabbar ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ta sulale ta koma ruwa, jirgi ya dawo daidai har sai da haƙorana suka haɗu.

Can nesa kaɗan ya ɓullo. Bai yi gurnani ba. Ya tsaya yana kallon Rosamel da idonsa mai kyau, shi ma Rosamel yana tsaye da filafili a hannu yana kallonsa. Ni dai na ɗauki bokiti na shiga kwarfar ruwa, don wani dole ya yi.

Muka iso gida. Na sa masa miyar kifi mai zafi, ya juya cokali ya ajiye.

Kashegari na ɗauka ba zai fita ba. Shi ya riga ni gangarawa. Ya buɗe akwatin batir da kansa ya nuna mini, ya zazzage takalmansa. Saja ya zo, amma daga nesa, kai kawai muke hangowa a bayan kumfar inji. Haka ya yi ta yi 'yan kwanaki, kullum nisan na ƙaruwa. Sai iska ta taso daga arewa ta hana kowa fita. Da ta lafa, watan saura ƙiris.

Ranar gwaji gari ya waye tas, teku kwance kamar faranti. Rabin garin na kan gada. Floridor ya shigo jirgi, Nibaldo ma ya ce sai ya gani da idonsa. Na zauna a wurina kusa da duro. Inji ya yi tari biyu, ya kama.

Muka wuce bakin tsibiri. Zakuna na kwance a kan duwatsu suna shan hantsi, wasu suka ɗaga kai suka mayar. Na duba ban ga mai tabo ba. Muka kai inda ake zuba igiya, muka zagaya, muka sake zagayawa. Ba komai sai tsuntsaye.

"To ai shi ke nan," na ce. "Mu juya."

"Saura abu ɗaya, Yaya," in ji Floridor. Bai dube ni ba. "Suruki, kashe inji. Ka yi masa fiton nan."

"Floridor, ba a yi da haka ba!"

"In ban sa shi ba, gobe a ce na rufa wa mijin yayata asiri. Kuma ai bakinsa tare da shi zai riƙa fita kamu, ba a gida zai bar shi ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in mare shi. Rosamel ya kashe inji. Ya lashi leɓe. Na farko iska ce kawai ta fita. Ya sake, waƙar ta fito, ita ɗin dai, gajeriya, ba kai ba gindi, ta bi kan ruwa. Ina roƙon San Pedro, waliyyin masunta, kar Saja ya zo, kar ya zo. Na dubi fuskar mijina, na rasa gane me shi yake roƙo.

Muka jira. Ya sake yi ba tare da an ce ya yi ba, da ƙarfi wannan karon, yana waiwaye dama da hagu. Ruwa na ɗan bugun gefen jirgi. Nibaldo ya cire hularsa ya sake sawa.

"Ya isa," in ji Floridor. Ya miƙa masa hannu. "Barka, suruki. Jibi da asuba, ka zo a kan lokaci, kar tsufa ya sa ka makara."

Rosamel ya karɓi hannun. "Na gode," ya ce. Ya juya ya tayar da inji.

A kan gada aka yi ta tafi, matasa na kiran sunansa. Nibaldo ya aiko mana da kwalbar giyar tuffa da yamma, ya ce a manta da batun kawuna. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna, har na yi kuka a bayan gida inda ba mai gani.

Da aka buɗe kamu ya dawo da kifi lafiyayye, kowanne da gangar jikinsa. Duro cike, hanta a sama. Shi da kansa ya mirgina shi har gindin mota, bai bari kowa ya kama masa ba. Har yau haka yake yi. Sauran jirage ma sun samu sauƙi, ko da yake zakuna ba su daina ɓarna gaba ɗaya ba. Saja dai ba wanda ya ƙara ganinsa. Wasu sun ce ya koma wajen masu kiwon kifi a keji, can kudu, inda abinci ke zuba a banza. Wani ya ce ya ga gawa a kan yashi amma tsuntsaye sun riga sun ci wuyan. Rosamel bai je ya duba ba, bai kuma tambayi kowa ba.

Sai da aka kwana biyu na gane abin da ya canza a gidan. Ina wanke-wanke, shi yana faskare a waje, ina jin gatari na sauka, ina jin itace na tsagewa, ban ji komai bayan haka ba. Na leƙa ta taga.

"Tsoho, yau bakin ya tafi hutu ne?"

Ya ɗago ya dube ni, ya ɗan yi murmushi, ya ɗora wani guntun icen.

Shekara arba'in ina roƙonsa ya bar fiton nan. Yanzu ya bari. Wani lokaci in ina goga dankali ni kaɗai sai in ji ina gwadawa, amma ban iya ba, iska ce kawai ke fita.